Neman kalma: "jifan tsira" da abin da za mu kira shi idan abokan gaba sun yi yawa

Jama'a, duk wanda ya yi ƙoƙarin bayyana wasan Dungeons & Dragons (wasan teburi na labarin yaƙi da sihiri, inda kowane ɗan wasa yake wakiltar gwarzo guda) da Hausa zai ci karo da kalmar saving throw, wadda Gary Gygax da Dave Arneson suka gado daga wasannin yaƙi na 'yan gumakan sojoji lokacin da suka fitar da wasan a Amurka a 1974. Idan guba ko sihiri ko tarko ya afka wa gwarzon da ɗan wasa yake wakilta, sai ɗan wasan ya jefa dayis mai fuska 20, ya haɗa abin da ya fito da ƙarin makin gwarzon nasa, in jimillar ta kai lambar da aka gindaya to ya kuɓuta, ko kuma cutarwar ta ragu.

Shawarata ita ce mu kira shi "jifan tsira". "Ƙuri'a" ta dace da ma'anarta ta asali, amma yau kunnen mai sauraro zaɓe zai tafi. "Jifan kaucewa" kuwa ya yi ƙunci, domin a bugu na biyar na 2014 jifan ya kasu gida shida, kuma wanda yake jure dafin maciji ko yake ƙin miƙa hankalinsa ga matsafi ba kaucewa ya yi ba. Za a iya cewa "tsira" ta wuce gona da iri tunda sau da yawa rabin rauni kawai ake yafe wa mutum, sai dai Bahaushe ya saba cewa wane ya tsira da rauni, don haka kalmar tana ɗaukar wannan nauyin.

Inda maganar ta fi wuya shi ne taro. A ce matsafi ya harba dunƙulen wuta cikin rundunar orc 20 (wasu dodanni ne mayaƙa a wasan), lambar da ake nema 15 ce, kowane orc kuma yana da ƙarin maki 1. Ke nan sai 14 zuwa sama ta fito kafin ya tsira, wato fuska 7 cikin 20. Jagoran wasa da ya tsaya jefa dayis sau 20 yana ƙirgawa zai ɗago kai ya tarar 'yan wasa sun koma kan wayoyinsu. Wasu sukan yi jifa ɗaya tak a madadin kowa, abin da nake ganin "jifan gayya" ya yi masa daidai, amma ban cika son wannan hanyar ba: ko dukkansu su tsira ko dukkansu su ƙone, kuma matsafin da ya ɓatar da sihirinsa mai tsada a kan jifa guda yana da dalilin yin ƙorafi. Raba rundunar gida huɗu, kowane gida da jifansa, yana rage wannan matsalar.

Hanyar da na fi so ba ta da jifa ko kaɗan. Tunda kowace fuska kashi 5 cikin 100 ce, wato orc ɗaya cikin 20, jagora zai ce bakwai sun tsira, goma sha uku wuta ta cinye su, a ci gaba da faɗa. Kiran wannan "jifa" kuskure ne tunda ba a taɓa dayis ba, shi ya sa nake ba da shawarar "kason tsira".

Wani lokaci ma lissafin ba shi da amfani. Raunin dunƙulen wuta da dayis 8 masu fuska 6 ake lissafa shi, matsakaicin rauninsa 28, rabinsa 14. Orc mai makin rai 15 (yawan raunin da zai ɗauka kafin ya mutu) yana iya tashi da ƙyar in ya tsira, amma goblin, ƙaramin dodo mai makin rai 7, kusan kullum ya mutu ko jifa ya yi masa kyau, don haka babu dalilin ɓata lokaci a kansa. Shugaban rundunar kuwa, wanda 'yan wasa suka san sunansa, a cire shi daga kaso a yi masa jifan tsira nasa a gaban kowa.

Wanda yake da kalmar da ta fi "kaso" zama a baki, musamman daga Hausar Sakkwato ko ta Damagaram, ya kawo mu gwada ta a teburin wasa.