Ragowa ne ko 'ya'ya? Ja-in-jar da ta hana 'yan ajinmu barci

Maman 'Yan Biyu: Salamu alaikum 'yan aji. Raina a ɓace yake tun safe, in ban faɗa ba zai kashe ni. Kun san shekara 9 muna neman haihuwa kafin a yi mana dashe, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a saka a mahaifa, a wani asibiti nan Abuja. A ƙwan da aka haɗa, 2 aka saka min, 3 aka daskarar. Yau aka kira ni wai kuɗin ajiya ya ƙare. Na je, wata yarinya tana taunar cingam ta turo min takarda, ko kallona ba ta yi ba: ko in sabunta, ko a zubar, ko in bayar da "ragowar" don bincike. Ragowa fa, sai ka ce tuwon jiya! Yarana 3 ne a tulun nan. Wallahi ni zargina sayar wa Turawa suke yi, a cire musu sitem sel, ƙwayoyin nan na asali da sauran ƙwayoyin jiki ke fitowa daga gare su. Mai shirin dashe ta buɗe ido.

Malamin Anguwar Rogo: Hajiya Allah Ya raya 'yan biyu. Amma a gyara kalma, ba yara ba ne. Hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari da Muslim a fili yake: kwana 40 nuɗfa, 40 gudan jini, 40 tsoka, sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Kwana 120 kenan.

Maman 'Yan Biyu: Malam waɗannan da ke yayyaga min labule yanzu, tare aka haɗa su rana ɗaya. Likita ne kawai ya ɗauki wannan ya bar wancan.

Dakta: Hajiya gaskiyarki ta wani fanni, Malam ma haka. Abin da aka fi daskarewa ɗan kwana 5 ne, dunƙulen ƙwayoyi 100 da wani abu, bai kai ƙwayar yashi mai kyau ba. Babu zuciya, babu ƙwaƙwalwa, babu jijiya. Daga cikinsa ake cire sitem sel ɗin da ke iya zama kowace irin ƙwaya ta jiki. James Thomson ne ya fara yin haka da na mutum a Amurka a 1998. Amma kar mu yi wa kanmu ƙarya, in an cire, tayin ya tashi aiki.

Ɗan Tudun Wada: To nan ne gizo ke saƙar, Dakta. Mu a Katolika tun ranar da ƙwai ya haɗu mutum ne. Fadar Batikan ta rubuta haka tun 1987, dashen kansa ma ba ta yarda da shi ba. Kai ma ai ka taɓa zama ƙwayar yashin.

Maman 'Yan Biyu: Wato 'yan biyuna ma laifi ne kenan?

Ɗan Tudun Wada: Haba Hajiya, ni da na zo suna tun daga Jos? Matsayin coci na faɗa.

Ustaz na Rikkos: Malam ya kawo hadisi ɗaya ya ɓoye ɗaya. Ina na Huzaifa ɗan Usaidu a Muslim, mai maganar dare 42? Kuma mu Malikawa ne a ƙasar nan. Shehu Dardir ya ce bai halatta a fitar da maniyyin da ya zauna a mahaifa ba ko kafin kwana 40.

Malamin Anguwar Rogo: A MAHAIFA ya ce. Wannan a tulun ƙarfe yake. Kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta halatta a 2003 a yi amfani da ƙwan da ya rage daga dashe in iyaye sun yarda.

Ustaz na Rikkos: Daman ku komai Makka ta ce. Littattafan da kakanninku suka karanta a zaure sun zama shara.

Malamin Anguwar Rogo: Ni da kai wa ya fi zama a zaure? Kar ka sa in tuna maka jarrabawar Arabiyya ta aji uku.

Barista: Jama'a, Hajiya zargin sayarwa ta yi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 50, ta hana shigo da tayi ko fitar da shi daga Najeriya. Hajiya kina da wata shaida? Ki turo min hoton takardar in gani.

Anti Mai Kaya: Masu neman sitem sel ba sai an taɓa ɗan kowa ba. Ina da na tuffa, a leda yake, ana zubawa ƙarƙashin harshe. Ciwon suga, hawan jini, sanyin ƙashi, har rashin haihuwa.

Dakta: Anti don Allah ki ji tsoron Allah. Ƙwayar tuffa ba ta zama ƙwayar mutum, ciki narkar da ita yake yi kamar kowane abinci. Na ga waɗanda suka ajiye maganin suga saboda ledar nan, aka kawo mana su ranga-ranga.

Anti Mai Kaya: Ku likitoci baƙin cikinku kasuwa. Surukata da bakinta ta ce gwiwarta ta saki.

Baban Mai Sikila: Ku yi ta faɗa a kan kalma. Ni jiya a asibiti na kwana, yarinyata tana murƙususu tana kiran sunana, sai shafa mata ƙafa nake. In dunƙulen nan 3 za su warkar da ita, wallahi sai in je Abuja in durƙusa wa Hajiya.

Dakta: Allah Ya ba ta lafiya Yaya. Amma na sikila daban ne, daga ɓargo ake samu, galibi na ɗan'uwan da suka dace. An fara dashen ɓargon a Najeriya a Benin a 2011. Sabon maganin da Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2023 ma da ƙwayoyin majinyacin kansa ake yi, sai dai kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Kuma tun 2007 Yamanaka na Japan ya nuna ana iya mayar da ƙwayar fatar babba ta koma kamar ta tayi, ya ci Nobel a 2012. Hakan ya rage buƙatar tayi sosai.

Ɗan Tudun Wada: To kun gani! Me ya sa ake ci gaba da taɓa su?

Dakta: Da na tayin ake auna ingancin na fatar. Kuma masu bincike suna da iyaka, a Ingila doka ta hana a raini tayi a ɗakin gwaji ya wuce kwana 14.

Ustaz na Rikkos: Wa ya ba Bature ikon yanka wa rai kwana 14?

Malamin Anguwar Rogo: Wanda ya ba ka ikon yanka 42.

Ɗan Gangare: Wannan duk matsalar 'yan Abuja ce. Mu nan kuɗin awo ke gagarar mata, wasu kuma hayar firji suke biya wa ƙwai.

Maman 'Yan Biyu: Filina na gado na sayar, da gwal ɗin aurena. Ka iya bakinka.

Dakta: Kuma ba firji ba ne, ruwan naitirojin ne mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri.

Ɗan Gangare: In NEPA ta ɗauke fa?

Shugaban Zaure: To ya isa haka, ƙarfe 1 ta wuce. Taƙaitawa: an yi ittifaƙi cewa kafin kwana 120 babu rai, kamar yadda malaminmu ya warware da hujja, kuma ilimin likita ya gaskata shi. Ustaz ya kawo wasu maganganu, Allah Ya ba da lada. Ɗan'uwanmu na Tudun Wada ya faɗi nasu, muna girmamawa. An hana talla a zauren nan, sai ranar Asabar. Sannan mutum 11 har yanzu ba su biya kuɗin taron shekara ba, wasunsu kuma su suka fi kowa rubutu yau.

Dakta: Ban ce ilimin likita ya san ranar busa rai ba, Shugaba.

Ustaz na Rikkos: Ittifaƙi da wa?

Maman 'Yan Biyu: Ni dai ranar Juma'a suka ce in mayar da takardar.

Anti Mai Kaya: Hajiya na turo miki saƙo ta gefe.