Zinare ya zube a kwalba, wa ya taɓa gani?

Bakatsine a Jidda: Salamu alaikum. Ina aikin ƙara ruwa a kan alkain (sinadari mai haɗi uku tsakanin kabon biyu) da Ph3PAuCl, haɗin zinare mai hanzarta aikin, kashi 2 cikin 100, da gishirin azurfa AgSbF6 mai cire wa zinaren kulorin. Kafin a je ko'ina ruwan ya koma shunayya, can ya yi baƙi ƙirin, aikin ya tsaya cak. Wa ya taɓa cin karo da haka?

Bazazzagiya a Riyad: Wa alaikumus salam. Sannu Malam, zinarenka ne ya kuɓuce ya koma ƙarfe, shunayyar nan ƙananan ƙwayoyinsa ne. Nawa har jikin kwalbar ya shafe kamar madubi. PPh3, wato ɓangaren Ph3P da ke manne da zinaren, ba ya riƙe shi da kyau. Da na koma IPr da JohnPhos, wasu masu riƙe zinare ne masu ƙaton jiki da ke yi wa zinaren rumfa, sai ya kwana yana aiki, ruwan garau.

Dattijo a Dammam: Yaro, fara binciken azurfarka. Gishirin azurfa ba ya shiri da haske, ga shan danshi, danshin Jidda kuwa ba sai an faɗa maka ba. Ni nakan naɗe kwalbar da takardar alminiyum, in haɗa zinare da azurfa a gefe, in tace AgCl, dattin azurfa da kulorin da ke kwantawa, ta garin tacewa na Celite, sannan in zuba. Mu da muka koyi wannan aiki da zaiba, hanyar Kucherov ta 1881, ba ma ƙorafin tsadar zinare. Tun da Teles na kamfanin sinadarai BASF ya nuna ƙarfin zinare a 1998 muka huta da guba.

Bazazzagiya a Riyad: Baba, a yi mini afuwa, ni tacewar nan rage mini sauri ta yi. Na fi son in rabu da azurfar baki ɗaya. Ph3PAuNTf2, haɗin zinare da ba ya buƙatar a ƙara masa azurfa, wanda masani Gagosz ya fitar a 2005, a buɗaɗɗiyar iska ake auna shi.

Ɗan Maraɗi a Makka: Nawa bai sauya launi ba ma, mutuwa kawai ya yi. Ashe ɓurɓushin amin, sinadari mai naitirojin, ne a cikin alkain ɗin. Amin da salfa sukan kama zinaren su hana shi motsi. Da na sake tsarkake kayan, komai ya tafi daidai.

Bakatsine a Jidda: Allah ya saka da alheri. IPrAuCl, zinare mai IPr, muke da shi, da shi zan fara. Baba, madubin jikin kwalbar fa, me ke fitar da shi?

Dattijo a Dammam: Asid ɗin HCl kashi 3, asid ɗin HNO3 kashi 1, a akwatin zuƙe hayaƙi. Kada ka kuskura ka toshe bakinta.