Kusurwoyin filona sun ƙi gamuwa, masu ɗinki ku taimaka

Ummin Sadiƙ, Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ɗinki a cikinmu ku zo ku fitar da ni. Wata huɗu ke nan da maigida ya sayo min keke, Butterfly mai ƙafa, kuma iyakacin abin da na iya shi ne kalmasa zani da ɗinke wandon yara in ya yage. To bikin ƙanwata saura sati shida, sai na ce bari in yi mata filon kujera guda huɗu na haɗe-haɗen atamfa, irin wanda ake yanka ƙyalle mai kusurwa huɗu a jera, a shimfiɗa abu mai laushi a ƙasa, a bi da ɗinki ya yi tudu-tudu. Ina da leda cike da ragowar atamfofinmu na gida, har da na ankon bikina da wani zanin Mama da ta daina ɗaurawa. Shi ya sa nake so abin ya fito daga hannuna.

Jiya na gwada na farko, ban san dariya zan yi ko kuka ba. Na yanka guda 16, na jera huɗu-huɗu, da na zo haɗa layukan sai kusurwoyin suka ƙi gamuwa, wani layin ya fi ɗan uwansa tsawo da kusan yatsa biyu. Na yi ta ja don su daidaita, tsakiyar ta tattare. Da na sa soso a ƙasa na hau keke, ƙyallen sama ya riƙa gudu yana barin na ƙasa. Sadiƙ ya leƙo ya tambaye ni ko hular sanyi nake ɗinka masa. Ina nake kuskure? Kuma me ake zubawa a ciki?

Maman Biyu, Gangare:
Wa'alaikumus salam. Hular sanyi kuma! Allah ya shirya mana yaran nan. Kafin masana su iso, da me kika auna ƙyallayen?

Ummin Sadiƙ:
Na farko kawai na auna da tef. In na yanka ɗaya sai in ɗora shi a kan na gaba in yanka, haka har na gama.

Anti Tela, Bauchi Road:
To ƙanwata, ga ɓarawon nan kin kama da kanki. Duk wanda kika ɗora kika yanka sai ya ɗan fi na baya girma, kafin ki kai na 16 ya zama wani abu dabam. Ki samo kwali mai tauri, ko na sabulu ne, ki yanka shi inci 4 da rabi kowane ɓangare. Shi kaɗai za ki riƙa ɗorawa a bayan atamfar, ki zagaye da alli mai kaifi ko biro, ki yanka a kan layin. Kuma gefen kwalin ya bi bakin zanin sambal. In kika yanka a karkace ƙyallen miƙewa yake yi kamar roba, babu gugar da za ta dawo da shi.

Sai bakin ɗinki. Rubu'in inci za ki bari, kuma ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Ki auna rubu'in inci daga allura zuwa dama, ki liƙa salatif a kan farantin keken, gefen ƙyallenki ya riƙa bin salatif ɗin. Idonki a kan salatif, ba a kan allura ba. Kada ki raina wannan. A layi mai ƙyalle huɗu ɗinki uku ne, kuma kowane ɗinki yana ci daga ƙyalle biyu. In kika zarce da rabin rubu'i kawai a kowanne, layin ya rasa kashi uku cikin huɗu na inci. In aka haɗa da kuskuren yanka, yatsa biyun da kika gani ke nan.

In kin haɗa layuka huɗun, ki kai su ga dutsen guga kafin ki haɗa su da juna. Layi na farko ki kwantar da bakin ɗinkinsa dama, na biyu hagu, na uku dama, na huɗu hagu. In kika kifa layi a kan layi za ki ji da yatsanki mahaɗar ta zauna cikin 'yar uwarta. Nan za ki soka fil, kowace mahaɗa fil ɗaya, sannan ki ɗinka. Danna dutsen za ki yi ki ɗaga, kada ki ja shi kamar mai gugar shadda. In komai ya tafi daidai fuskar za ta fito inci 16 da rabi.

Hajiya Kaka, Unguwar Rogo:
'Yata, duk abin da Antinki ta faɗa haka yake. Ni tun kafin gobarar babbar kasuwar Taminus ta Jos a 2002 nake kan keke, kuma abin da zan roƙe ki shi ne ki ninke zanin Mamanki ki mayar akwati tukuna. Ba a koyon yanka a kan abin da ba shi da na biyu. Ki je wurin telan unguwarku, ƙyallaye buhu-buhu suke tarawa, wani ma godiya zai yi miki kin rage masa shara. Ki ɓata filo ɗaya ko biyu da su.

Sannan ki wanke kowace atamfa dabam kafin almakashi ya taɓa ta. Sabuwa takan tsuke in ta sha ruwa, tsohuwa kuwa ta riga ta gama nata, in kika haɗa su haka wankin farko zai murɗe miki filo. Ga zuba. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a kan ja da shuɗi, in ya kama launi ki fitar da wannan daga lissafi. Na taɓa yi wa jikata abin shimfiɗa, ja guda ɗaya tak ya rine min farare shida. Kuma atamfa da atamfa kawai. Leshi da santsin yadi da duk abin da ke miƙewa, ki bar su sai hannunki ya faɗa.

'Yar Bukuru:
Ni dai gaskiya zan faɗa ko ba daɗi. Sati shida, ga hidimar biki, ga yara, ga koyo. Ki shiga Taminus ki sayi filonki huɗu ki huta. Ranar jere dangin miji ba sa duba niyya, ɗinki suke dubawa.

Maman Biyu:
Haba Yaya, na kasuwa ai kowace amarya tana da shi. Wa zai sayar mata da mai zanin mahaifiyarsu a jiki? Amma kin yi gaskiya ta wani wajen, huɗu sun yi yawa. Ummin Sadiƙ, ki yi biyu masu kyau.

Anti Tela:
Na dawo, kwastoma ce ta tsare ni. Maganar gudun ƙyalle: sosonki ya yi kauri, kuma ba ki kama shi ba kafin ki hau keke. Haƙoran keke na ƙasa suke ja, ƙafar keken tana danne na sama, dole su rabu. Ki bar soso. Ki shiga kasuwar Katako wajen 'yan gwanjo ki nemi bargon jarirai marar kauri, ki wanke. Hawa uku za ki yi: shafi a ƙasa, ko tsohon zanin gado ne, bargo a tsakiya, fuskar a sama. Na ƙasan biyu su fi fuskar da inci ɗaya kowane gefe, daga baya ki datse. Ki ɗauki allurar hannu da zare mai launi dabam ki kama su da manyan taku, a tsaye da a kwance, za ki zare in kin gama. A keke ki sa allura lamba 16, ki ƙara tsawon taku, ki fara daga layin tsakiya ki yi waje. Kada ki ce za ki yi fulawa ko zagaye. Ki bi gefen ɗinkin da ke akwai, ko ki ja layi da alli daga kusurwa zuwa kusurwa.

Baya kuma ki manta da zif, shi ke sa 'yan koyo kuka. Ƙyalle biyu za ki yanka, kowanne 16 da rabi a 11 da rabi, ki kalmashe dogon gefe ɗaya na kowanne, ki ɗora su a kan fuskar, fuska na kallon fuska, masu kalmasar su hau juna a tsakiya. Ki zagaye da ɗinki, ki rage kusurwoyin da almakashi, ki juya ta wannan bakin.

Hajiya Kaka:
Cikin kuwa audugar rimi. Da ita muka tashi, ba ta da nauyi.

Maman Biyu:
Hajiya a gafarce ni, rimi ba ta son wanki, kuma ni atishawa take sa ni. Faiba ta fi sauƙi, masu katifa suna sayarwa. Ko wacce za ki sa dai, ki ɗinka mata jakarta dabam da farin yadi, rigar atamfar ta zama ta cirewa.

Ummin Sadiƙ:
Na dawo da rahoto bayan kwana tara. Telan layinmu ya cika min leda, na yi na gwaji. Mahaɗa tara ne a tsakiya, bakwai sun gamu cif, biyu sun ɗan goce, na farke ɗaya na gyara, ɗayar na bar ta. Hajiya, shuɗin ankon bikina zuba yake yi sosai, na cire shi. Yaya 'Yar Bukuru, biyu zan yi, sauran biyun na saya. Allah ya saka muku da alheri. Saura abu ɗaya: zanin Mama ya yi laushi, wani wajen har ana hango haske ta ciki. Zai jure?

Hajiya Kaka:
Ki ɗaga shi a rana ki zaɓi inda bai ci ba, wajen gefe-gefe yakan fi ƙwari, tsakiya ne ke shan zama. Kowane ƙyalle ki yi masa shafi da siririn farin yadi, ki ɗinka su tare kamar abu ɗaya. Ki sa su a huɗun tsakiya, kada su je baki inda hannu ke ja. Kuma ki tambaye ta kafin ki yanka.