Waya na cinye min lokaci, don Allah a ba ni shawara

Ɗan Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe a makaranta, wata biyu kenan ban ƙara ko layi ɗaya a projek ɗina ba, kullum sai in ce bari in taɓa waya minti biyar, kafin in ankara an kira isha'i. A cikin danfo daga Agege zuwa Yaba ita ce a hannuna, na dawo gida ita, jiya har ƙarfe 3 na dare ina kallon bidiyo, asuba ta wuce ni. Abin da ya fi ci min rai Baba tun duku-duku yake kasuwar Mile 12 yana sauke kwandunan tumatir don kuɗin makarantata. Ya zan yi?

Mai gyaran waya, Computer Village:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ba kai kaɗai ba ne, an ƙera manhajojin nan ne yadda bidiyo ba ya ƙarewa, wannan na fita wani na shigowa, babu inda za ka ce nan ne ƙarshe. Shiga setin, in Android ce akwai Digital Wellbeing, in iPhone ce Screen Time, tun 2018 suke, za su nuna maka awa nawa ka ƙona yau kuma kana iya sa wa kowace manhaja iyaka. Ka kashe notifikeshan, ka mayar da fuskar wayar baƙi da fari, sha'awarta na raguwa sosai.

Maman Yara, Idi-Araba:
Ɗana ni dai a ganina tsoron aikin ne ya tura ka ga wayar. Ɗiyata haka ta yi, da ta buɗe littafi sai gabanta ya faɗi don aikin ya taru, sai ta gudu. Shafi ɗaya rak na ce ta riƙa yi bayan asuba, wayar kuma a ɗakina take kwana. Kai ma ka miƙa wa Baba taka bayan isha'i.

Malam na Obalende:
Ka lissafa kuɗin data ma, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 abin ba sauƙi.

Ɗan Agege:
Na duba yanzu, awa 9 ya nuna min na jiya, jikina ya yi sanyi. Mama na gode, yau zan kai wa Baba ita, sai dai da ita nake sa alam. Yaya mai gyaran waya, nawa ake sayar da ƙaramin agogo a wajenku?