Wane suna za mu raɗa wa CRR da Hausa?

Jama'a, duk sanda kwamitin Babban Bankin Najeriya ya zauna a Abuja, sai labarai su zo mana da haruffa uku, CRR, babu fassara. Manomin shinkafa a Argungu ko Suru da ke neman rancen noman rani yana ɗanɗana kuɗarsa a kuɗin ruwa, bai ko san sunansa ba.

Cikin kowace naira 100 da mutane suka ajiye a banki, akwai kason da tilas bankin ya kai Babban Banki, shi ne CRR (Cash Reserve Ratio a Turance). Ba ya ranta wa kowa shi, ba a kuma biyansa ruwa a kai. A farkon 2024 kason 32.5 ne. A Fabrairu aka ɗaga zuwa 45, a Satumba ya kai 50, sai a Satumban 2025 aka mai da shi 45. Ke nan lokacin da yake 50, abin da banki ke juyawa bai wuce rabi ba, kuma da ribar rabin nan zai biya ma'aikata, ya sha man janareta, ya sallami masu ajiya. Yaya ruwa ba zai hau ba? Kamar shanshera ce a kasuwar Birnin Kebbi, in aka kulle rabi a sito, tsada ta zo.

Wani ɗan'uwa daga Jega ya kawo "asusun ko-ta-kwana". Malam, sunan yana da daɗin faɗi, sai dai mai ji zai ɗauka bankin ne ya yi wa kansa tanadi don ranar wuya. Alhali Babban Banki ne ke janye kuɗi daga hannun bankuna don ya dakushe hauhawar farashi, wadda ta kai 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. "Jingina" kuwa sai da bashi, nan babu bashi.

Ni na tsaya a kan "ajiyar dole", adadin kuma "kason ajiyar dole". Ajiya ce, don kuɗin na bankin ne har gobe. Dole ce, don ba a nemi yardarsa ba.

Ku ji shi a bakin mai labarai: "Babban Banki ya rage kason ajiyar dole daga 50 zuwa 45 cikin ɗari."

Masu fassara a gidajen rediyon Birnin Kebbi da Gusau, don Allah ku gwada shi a labaran yamma. In "tilas" ta fi "dole" zama a kunnen mutanenku, ku sanar da mu.