Neman shawara: hotunan littafin Dürer sun jawo mini magana a makaranta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin zane ne a wata sakandare mai zaman kanta. Ɗalibaina in sun zana mutum, kai kamar kabewa, ƙafa kuwa ba a magana. Shi ne na shiga shafin wani gidan tarihi na Turai na sauke shafuka daga littafin Albrecht Dürer, wani mai zane Bajamushe, kan awon jikin ɗan Adam, wanda aka buga a Nuremberg a 1528, shekarar da ya mutu. A jikin katako aka sassaƙa hotunan aka buga. Da tsawon kai yake auna tsayin mutum: kakkaura kai 7, dogo har kai 10, ga layuka da lambobi a gefe. Da datata na sauke, da kuɗina na yi fotokofi, albashin watan jiya ma bai shigo ba. Matsalar, mutanen ba tufafi. Yanzu shugaban makaranta ya ce in same shi ranar Litinin. Yaya zan yi?

Baban Khalifa: Malam, kai ka jawo. Wannan littafin masu koyon sana'ar zane aka yi wa, ba yaran mutane ba. Ka nemi na Erhard Schön na 1538, shi ma Nuremberg, mutanensa akwati-akwati ne, ba abin da ido zai gani. Ka je Litinin ka ba da haƙuri, shi ke nan.

Maman Hanif: Ka raba wa yaran ne ko a teburinka aka gani? Ba ka faɗa ba. Mu dai tamu makarantar duk zango sai an karɓi kuɗin kayan zane, ko fensir ɗana bai taɓa gani ba.

Mai tambaya: Baban Khalifa, akwati ba ya nuna gwiwa da kafaɗa. Kuma ai littafin bayoloji ma akwai irinsu.

Ɗan Zariya: Kar ka ba da haƙuri, ilimi ne. Ka nuna masa littafin zane na Leonardo da Vinci da aka buga a Faris a 1651, mai hotunan mai zane Poussin, ya ga haka ake koyarwa.

Baban Khalifa: Na Poussin ɗin riga suka sa? Ka ƙara masa wuta kenan. Malam, ka ɗora farar takarda ka kwafi layukan awon kawai, ka zana musu wando.

Ummu Sadiq: Ni tun farko zanen mai rai ɗin ne ban natsu da shi ba. Ka tambayi malamai tukuna.

Mai tambaya: Hajiya, yana cikin manhaja, ba ni na saka ba. Wando kuma zai rufe layin ƙugu, daga nan ake auna cinya.

Maman Hanif: To wai yaran sun gani ko ba su gani ba?