Yarona na da asma, shin dole ne ya ci gaba da shaƙar inhela ko yana lafiya lau?

Maman_Abba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah ina neman shawara. Yarona shekararsa 9, wata uku da suka wuce likita ya tabbatar mana asma ce ke damunsa bayan ya daɗe yana tari da daddare, ƙirjinsa na fito kamar ana busa usur. Aka ba mu inhela biyu, shuɗiya da mai ruwan ƙasa, aka ce mai ruwan ƙasar safe da yamma kullum. To yanzu alhamdulillahi sati shida kenan ko tari bai yi ba, amma kowa a gida sai faɗa yake min wai in daina ba shi kar jikinsa ya saba ya zama ba ya iya rayuwa sai da ita, wlh har na fara tsallake wasu ranakun saboda tsoro. Tunda ya warke in ajiye ne ko yaya?

Baffa_Sani:
Wa alaikumussalam. 'Yar'uwa kar ki ajiye, ni da ke miki maganar nan da fuka na tashi, yanzu na haura arba'in. Abin da mutane ba sa ganewa shi ne asma ba ta tafiya don tarin ya tsaya, hanyoyin iskar huhu a kumbure suke daga ciki ko da mutum na yawonsa lafiya, shi ya sa da ya shaƙi ƙura ko hayaƙi ko sanyi ya buge shi ko mura ta kama shi sai su ƙara tsukewa majina ta taru numfashi ya gagara. Shuɗiyar nan salbutamol ce, wasu sun fi saninta da Ventolin, aikinta ta buɗe hanyar nan take cikin 'yan mintuna amma ba ta taɓa kumburin. Mai ruwan ƙasar ita ce ke kwantar da kumburin a hankali, kuma wannan sati shidan da kike murna aikinta ne fa.

Ni na yi wannan kuskuren ina saurayi, na ji sauƙi na watsar da ta kullum na riƙe shuɗiya kawai, wata biyu ba a yi ba aka kwashe ni cikin dare ko kalma biyu ba na iya haɗawa. Har yau in na tuna fuskar mahaifiyata a daren nan sai jikina ya yi sanyi. Maganar sabo kuwa babu ita, inhela ba ƙwaya ba ce, ba ta sa maye.

Anti_Nas:
Maman Abba sannu, Allah ya ba shi lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, abin da Baffa ya faɗa haka yake. Na san abin da ke tsorata iyaye shi ne in suka ji an ce akwai sitiroyid (maganin rage kumburi) a cikin mai ruwan ƙasar, to gaskiya ne akwai, amma ɗan mitsitsi ne kuma kai tsaye huhu yake zuwa, ba kamar wanda ake haɗiya ba. Ki dai sa shi ya kurkure baki ya tofar duk bayan ya shaƙa don kar farin ƙurji ya fito masa a baki. In ciwon ya lafa kamar wata uku a jere likita da kansa zai iya rage yawan maganin, amma shi zai rage, ba ke ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne yadda ake shaƙar, yara da yawa a harshe maganin ke ƙarewa. Ki tambayi sifesa, wata 'yar roba ce da ake jona inhelar a jiki, ki girgiza, ki fesa sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali kamar sau biyar kafin a sake fesawa. Kuma ki riƙa lura, in yana buƙatar shuɗiyar fiye da sau 2 a sati ko tari na tashinsa daga barci to ciwon bai kwanta ba, ku koma asibiti.

In ya tashi masa da ƙarfi ki zaunar da shi a miƙe kar ki kwantar da shi, ki ba shi shuɗiyar feshi ɗaya-ɗaya duk bayan kamar minti ɗaya har zuwa 10. In bai iya ƙarasa magana ba, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓensa ya canza launi, asibiti kawai kar ki jira gari ya waye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ne ke da asma a 2019, kuma dubu 455 suka rasu, abin da ke ƙona min rai shi ne yawancinsu da magani ya isa gare su yadda ya kamata da an cece su.

Ummu_Hanan:
Ki sanar da malamansa a makaranta ma, ya riƙa tafiya da shuɗiyar a jakarsa. Kuma dan Allah kar ki hana shi wasa da ƙwallo, ni na hana tawa shekara guda ina tsoro sai likita ya ce in maganin na aiki babu dalili. Mai shan sigari dai kar ya kusance shi.

Maman_Abba:
Na gode ƙwarai Baffa, Anti Allah ya saka da alheri. Gsky ban taɓa sanin aikinsu daban ba ne, na ɗauka duk ɗaya ne launi ne kawai ya bambanta. Yau da daddare zan ci gaba da ba shi, sifesar kuma ba mu da ita, jibi muna da ganin likita zan tambaye shi ya nuna min yadda ake amfani da ita a gabansa, kuma zan faɗa masa kwanakin da na tsallake.